Shekarun ƙwallo

Lahadi. Wuta ta ɗauke tun ƙarfe biyun dare, ga shi Afrilun 2025 ne a Sakkwato, sai a tsakar gida na ƙarasa kwana. Ina dawowa daga sallar asuba na tarar da ɗan Yaya a bakin ƙofa, takalmin ƙwallo rataye a wuya, wai in kai shi tirenin tunda ba na buɗe shago da wuri yau. Na tada babur muka tafi, muka tsaya wurin mai ƙosai a Mabera, ya ci na ɗari biyu a tsaye.

A fili duk hirar wasan jiya ake yi. Maroko ta ɗauki kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 17 a gidanta, ta doke Mali a fenariti bayan an tashi babu ci. Ni Mali na so, don yaran sun fi taɓa ƙwallo a idona. Amma abin da ya fi damun kowa shi ne babu mu 'yan Najeriya a gasar gaba ɗaya. Tun bara a Accra aka tsayar da mu, muka zo na uku a wasannin shiyya, Burkina Faso da Ivory Coast suka wuce. Bana Afirka na da gurbi 10 a kofin duniya na 'yan 17 a Qatar, kuma ko ɗaya ba namu ba ne, mu da muka ɗauki wannan kofi sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Wani dattijo da ke zaune kan benci yana ta ƙirga shekarun da yatsa yana girgiza kai.

Yaron ya yi wasa mai kyau. Lamba takwas yake bugawa, ba ya riƙe ƙwallo, kafin ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Sau biyu wani ƙato ya ture shi da kafaɗa ya sha ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe gwiwa bai ce komai ba.

Da aka tashi Koci ya ja ni gefe, gindin dogonyaro. Ya fara da yabo, ya ce cikin yara talatin da yake da su wannan ne mai kai. Sannan ya rage murya.

"Malam, wanga yaro an yi mishi NIN, lambar ɗan ƙasa?"

Na ce tukuna.

"To kada a yi gaggawa. In za a yi, a rubuta 2013. Takardar rantsuwa ce kawai a kotu."

Na ce masa ai 2010 aka haife shi, bai ma cika 15 ba.

"Shi na nika gaya maka. In ya tahi tantancewa da shekarunshi na gaskiya, da maza za ya haɗu, masu aske gemu da sahe. Kowa na da shekarun ƙwallo. Ka bari jikinshi ya cika, sa'annan takarda ta ce 16."

Ba na son kowa ya karanta wannan ya zagi Koci. Shekara nawa yana sayen ƙwallaye da kuɗin aljihunsa, shi ke kai yaro kemis in ya gurɗe, kuma ko sisi bai taɓa karɓa a hannunmu ba. Abin da ya faɗa daga abin da ya gani ne, ya sha kai yara tantancewa a dawo masa da su a ce sun yi ƙanana, alhali su ne masu shekarun da aka nema.

Na kawo masa maganar MRI. Tun 2009, lokacin da muka karɓi baƙuncin kofin duniya, ake saka wuyan hannun yara a na'ura a duba ƙashi. Akwai wata 'yar tazara a ƙarshen ƙashin da ke rufewa in mutum ya gama girma, in ta rufe ruf, mataki na shida ke nan, an cire ka. Na tuna masa 2016, da aka ce 'yan wasanmu 26 sun faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ta fitar da mu muna riƙe da kofin duniya. Ya yi murmushi ya ce na'ura ƙashi take gani, ba ta ganin ranar suna. Akwai mai 19 da zai wuce, akwai mai 16 na gaskiya da za a kora don jikinsa ya yi saurin girma. Kuma daga 'yan 17 ka wuce, a 'yan 20 fasfo kawai ake dubawa. Ban samu abin da zan ce masa a kan wannan ba.

Abin da na ce shi ne, "Bari in yi shawara da gida." Tun safe wannan amsar ke ci na. Na san abin da ya kamata in ce, bakina ne ya yi nauyi, saboda wani ɓangare na zuciyata ya riga ya fara lissafi. Na tuna 2015, da muka bi ta Illela da Konni har Yamai don kallon kofin Afirka na 'yan 17, muka ga Osimhen siriri da shi, ba wanda ya san shi. Mali ta ɗauki kofin, mu muka zo na huɗu, amma kafin shekarar ta ƙare ya ci ƙwallo 10 a kofin duniya a Chile. Ina tsaye gindin dogonyaro ina hango ɗan Yaya cikin koriyar riga, ina hango Yaya ta huta da ɗinkin dare. Shekara uku a takarda sai ta yi mini kamar ba komai ba.

Ashe yaron ya ji mu. Muna kan babur, mun wuce filin Giginya, ya matso bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

"Kawu, in anka rubuta 2013, ƙanwata ta girme ni ke nan?"

A 2012 aka haife ta. Na rage gudu, na ce wa ya ce za a rubuta? Ya yi shiru. Can ya ce, "In shi na za ya sa a ɗauke ni, ni ba komai." Muryarsa ba ta nuna murna ba, ba ta nuna baƙin ciki ba, kamar mai faɗin kuɗin mota. Wannan ya fi tambayar farko taɓa ni. Yaron da yake hadda, wanda ko canjin naira hamsin ya rage sai ya dawo da shi, ya riga ya yarda cewa haka ake shiga.

Shago babu ciniki sosai. Mutum uku kafin azahar, ɗaya ma bashi.

Da la'asar na biya wurin Inna. Ban gaya mata komai ba, na dai tambaye ta ko ta tuna lokacin da aka haifi maigidan nata. Ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni.

"Mi ya same ka? Shekarar ruwan Goronyo mana, da ambaliya ta cinye gadar jami'a. Ran sunanshi mutanenmu na ƙetare ba su samu zuwa ba sai da kwalekwale, ragon ma da ƙyar anka samo shi."

Ta ci gaba da ba da labarin har da wanda ya yi masa huɗuba da kalar zanen goyonsa. Damina ce ta 2010, duk wanda ke garin nan ya san ta. Ina sauraronta ina tunanin yadda zan tsaya gaban ma'aikacin kotu in ɗaga hannu in ce ba haka ba ne.

Tuwon dawa da miyar kuka na ci a can. Ta ba ni fura in kai wa Yaya.

Yaya ban faɗa mata ba tukuna, tana kan keke tana ƙarasa ɗinkin biki, ban so in tsayar da ita. Na dai ce ta nemo mini takardar haihuwarsa ta asibiti, ta ce tana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Talata zan rufe shago da safe in kai shi a yi masa NIN da abin da ke jikinta. Koci kuma gobe bayan magariba zan same shi a gida, ba a fili ba, kuma ban san ko zai ci gaba da sa yaron a sahun farko ba.

An kawo wuta ƙarfe goma da rabi. Na jona waya, na cika jarkoki biyu na sa a firji.