Kwanciyar da ta ja mini asara

Har yau in na tuna kwanciyar nan sai haushin kaina ya kama ni. Gudun mita 400 ne, zagayen share fage, kuma minti 40 kacal ke tsakaninsa da na ƙarshe. Ina tsallake layi na zube a ciyawa, ƙirji na zafi, zuciya na tashi. Koci ya tsaya a kaina: "Kai, tashi ka taka! Ko sassarfa ce ka yi." Na ɗaga masa hannu, wai ni mai tattalin ƙarfi. Minti 20 ina miƙe kamar gawa.

A zagayen ƙarshe, tun kafin na kai kwana ta biyu ta filin gudu cinyoyina suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Ina ji ina gani waɗanda na tsere wa ɗazu suka wuce ni.

Daga baya na zauna na fahimci abin. Jinin mai lafiya yana kusa da 7.4 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, amma gudun fitar rai irin wannan kan ƙara masa tsami har ya kusa 7.0. Laktet kuma, sinadarin da tsoka ke fitarwa in ta yi aiki mai tsanani, da ba ya wuce 1 zuwa 2 a gwajin jini lokacin hutu, yana iya haura 15. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba a kan layi yake kai ƙololuwa ba, sai bayan 'yan mintoci da tsayawa. Wato daidai lokacin da nake kwance ina jin daɗi, yana ta taruwa a jini.

Da na bi maganar koci, da jini ya ci gaba da zagayawa da ƙarfi, zuciya da tsokoki su ƙone laktet a matsayin makamashi, hanta ta karɓi saura. Mai kwanciya kuwa yakan kwashe awa guda ko fiye kafin ya koma daidai. Ni minti 40 gare ni, na kuma kashe rabinsu a ciyawa!

Yanzu ko jiri nake ji sai na taka, sannan sassarfa ta minti 15, a hankali yadda zan iya hira ba haki. Na taɓa zaƙewa na ƙara sauri, sai na ƙaro wa kaina gajiya. Tsakanin gajerun tsere masu hutun daƙiƙa 30 ne kawai nake tsayawa cak, don a nan tsoka ta fi buƙatar hutu. In dai akwai wani zagaye a gaba, ciyawar nan ko kallonta ba na yi.