Lamba ta yi kyau, ashe RNA ta riga ta tsinke

Duk wanda zai fara aikin ciro RNA (zaren da ke kwafo saƙon gado daga DNA) a ɗakin gwaji, ina roƙonsa kada ya yarda da lambar da na'urar auna haske ta ba shi sai ya ga samfurinsa da idonsa a kan jel, wato daskararren ruwan da ake rarrabe zaruruwa a cikinsa gwargwadon tsawonsu. Har yau raina yana sosuwa idan na tuna waken da na yi watanni ina reno a tukwane, ina hana wasu ruwa don in gano waɗanne ƙwayoyin gado ke farkawa idan fari ya kama shuka.

DNA ba ta taɓa ba ni wahala ba. RNA ɗin ma da farko kamar komai lafiya: na niƙa ganye cikin ruwan naitirojin, na wanke, na auna. Rabon hasken da samfurin ya sha a nanomita 260 da 280, wanda ke nuna tsabtarsa, ya fito 2.0 cif, yadda littafi ya ce. Duk wanda na nuna wa a ɗakin sai ya ce madalla, ci gaba. Na ci gaba, na ƙarar da sinadaran da aka sayo da dala, sakamako ya ƙi fitowa. Da na zuba a jel, maimakon layuka biyu masu kauri na 25S da 18S da ake gani a RNA ɗin shuka mai lafiya, sai wani dishi-dishi da ya taru can ƙasa.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da ta iya ke nan. Zobban A, G, C da U, haruffa huɗu da ke jere a zaren RNA, ne ke shan haske a nanomita 260, kuma suna nan ko zaren ya tsinke ko bai tsinke ba. Kamar carbi ne da igiyarsa ta katse: ɗora duwatsun a sikeli, nauyinsu bai ragu ba, amma ba ka da carbi. Kowane harafi yana maƙale da sukarinsa, igiyar a nan kuwa ita ce ɗaurin fosfet da ke haɗa kabon na 3 na sukari ɗaya da kabon na 5 na mai bi masa, kuma na'urar ba ta ganin wannan ɗauri sam. Abin takaicin ma, tsinkakkiyar RNA ta ɗan fi lafiyayya shan haske, sai ka ɗauka ka samu da yawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne DNA ɗin da ke firiza ɗaya da ita ko gezau ba ta yi ba. Daga baya na ji cewa wuta ta ɗauke a wani ƙarshen mako, ba a tayar da janareta ba, kaya suka narke suka sake daskarewa, kuma babu wanda ya ga ya dace ya sanar. Zafi ɗaya suka sha, ɗaya ta tsira ɗaya ta lalace, kuma tushen bambancin ƙwayar oksijin guda ce. A kan kabon na 2, sukarin RNA yana ɗauke da OH (oksijin da haidurojin), na DNA kuwa H (haidurojin) kaɗai. Wannan OH ɗin yana dab da fosfet, yana iya kai masa hari ya yanke zaren daga ciki, musamman da zafi ko ruwa mai alkali. A aji mun sha haddar cewa a DNA ɗaurin haidurojin biyu ne tsakanin A da T, uku tsakanin G da C, da labarin Watson da Crick na 1953. Waɗannan ɗaure ne marasa ƙarfi da muke warwarewa kullum a digiri 95 cikin PCR, dabarar ninka DNA, su koma su haɗu. OH ɗin da ya cinye min aiki kuwa layi ɗaya aka yi masa a allo aka wuce. Rashinsa na cikin abin da ya sa a 2021 aka iya karanta DNA da ta haura shekara miliyan ta mamot, wata giwar Saiberiya da ta ƙare a duniya, alhali allurar korona ta Pfizer mai ɗauke da RNA da farko sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri ake adana ta.

Ga kuma RNase, inzayim ɗin (furotin mai yanka RNA) da ke kan yatsunmu da cikin guminmu, wanda da wannan OH ɗin dai yake yanka. Kada wani ya ce maka tukunyar turirin da ake tsabtace kayan aiki a cikinta ta gama da shi. Ɗaurin salfa huɗu ne ke riƙe da nau'insa da ake kira RNase A, yana warwarewa ya sake naɗe kansa ya ci gaba da aiki. A kansa Christian Anfinsen ya yi binciken da ya ba shi Nobel a 1972. A watan Afrilu, da gumi ke tsiyaya har cikin safar hannu, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Yanzu jel nake fara yi kafin in taɓa kowane sinadari mai tsada, ko lamba ta kai yaya kyau. Ina raba samfuri a ƙananan kwalabe don kada wanda ya narke ya koma firiza, ina sauya safar hannu da zarar na taɓa ƙofa ko waya. Idan layukan nan biyu suka fito, a ranar nake mayar da RNA ɗin cDNA, wato kwafinta na DNA, ba na barin ta kwana tana jiran janareta.