Daga Bauchi zuwa Yankari da Tula: inda kowace motar gida ta tsaya

Motoci uku muka fita da su daga Bauchi a watan Maris bayan sallar asuba: Sienna ta 2008 mai ja da gaba, Highlander ta 2010 mai ja da ƙafa huɗu, da Prado ta 2007 mai injin fetur 2.7. Duka ukun motocin gida ne. Da su ake kai yara makaranta, da su ake zuwa kasuwar Wunti cefane. Abin da muke son gani shi ne inda kowacce za ta tsaya idan kwalta ta ƙare, alhali iyali na ciki da tanti da jarkokin ruwa.

Tun a gidan mai lissafin kaya ya fara. A motocin da aka shigo da su daga Amurka akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ke nuna nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe, galibi tsakanin kilo 500 da 600. Manya biyu da yara huɗu sun kusa kilo 300. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, kuma a zafin Maris kowane mutum na buƙatar aƙalla lita 5 a yini don sha da girki kawai, wato ruwan mutum shida na kwana biyu da rabi jarka uku ne masu lita 25, sun ƙara kilo 75. Sai kula cike da ƙanƙara, tukunyar gas, tanti, katifu. Kafin a ankara mota ta cika, bayanta ya zauna. Ruwa da duk abu mai nauyi muka sa a ƙasan but, kusa da bayan kujera. Kariyar sama ta tabarmi da katifu ce, don nauyi a kan rufi shi ke sa jif yin tangaɗi a kwana.

Daga Bauchi zuwa Dindima kimanin kilomita 40 ne a titin Gombe. A nan, kusa da gadar kogin Gongola, ake kaucewa a yi kudu, a ci kilomita 29 zuwa Mainamaji inda ƙofar gandun dajin Yankari take, sannan wasu kilomita 43 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Duk wannan kwalta ce, da ramuka nan da can, kuma a kanta Sienna ce sarauniya. Yara sun miƙe ƙafa, esi na kaiwa har kujerar ƙarshe, ƙofofin gefe na zamewa ba sa bugun motar kowa. Prado kuwa idan ta cika da mutane, injin 2.7 nishi yake yi a hawa, kuma wuce tirela sai an yi dogon lissafi. Kujerunta na layi na uku a jikin bango ake naɗe su, suna cin wurin kaya. Idan aka sauke su aka zauna, but ɗin bai wuce na jaka biyu ba. Mai 'ya'ya biyar ya lura da wannan tun a wurin dillali.

A cika tanki tun a Bauchi. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 220, ban da yawon cikin daji, kuma a yashi mota na shan kusan ninkin abin da take sha a titi.

A Wikki birai ne suka fara gwada mana motocin. Gwaggon birin wurin ya san mutane, ya san leda, ya san marfin kula. Wani babba ya hau kan Prado ya zauna yana jan igiyar kariya ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa ƙarƙashin tamfol, ga gadu na kiwo a gindin taya ko a jikinsa. Wani ma'aikaci ya ce da mai motar, "Alhaji, a kulle ƙofa da makulli, rufewa kawai ba ta isa ba. Sun iya jan hannun ƙofa." Abinci dai a cikin mota yake kwana, gilashi a sama. Yara suka wuce wanka a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke kan digiri 31 rani da damina.

Yawon ganin namun daji shi ya fara raba motocin. Gandun ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba a shiga sai da jagora daga cikin ma'aikata, kuma a ƙarshen rani dabbobi na taruwa ne a kwarin kogin Gaji, don haka can hanyoyin suke nufa. Hanyoyin sawu biyu ne na taya, da tudu a tsakiya wanda ciyawa da kututture suka tsiro a kai. Wannan tudun shi ke cin mota. Tsakanin cikin Sienna da ƙasa santimita 17 ne da ɗan kai, Highlander wajen 20, Prado wajen 22, kuma wannan awon na mota ba kaya ne. Da an loda sai a rage biyu ko uku. Ga hancin Sienna dogo, ga salansa a ƙasa, ga safaya rataye a ƙarƙashin ciki. Jagoran ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Yallaɓai, wannan a bar ta a inuwa." Aka raba iyalinta a sauran biyun. Wanda ke tunanin Sienna mai ja da ƙafa huɗu za ta magance wannan, ya sani tsayinta kusan ɗaya ne, kuma samfurin 2004 zuwa 2010 ba ya zuwa da safaya sam, don shaf ɗin baya ya cinye wurinta.

Highlander ta bi Prado ko'ina a ranar, sai dai a hankali, direban na ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya duk inda sawun ya yi zurfi. Mun ga gwambaza da mazo da garken ɓauna a nesa, giwa kuwa kashinta da rassan da ta karya kawai muka samu. Abin da ba a cika faɗa wa mai zuwa ba shi ne tsando. A kurmin bakin kogi yake bin mota, baƙi da shuɗin kaya ke jawo shi, cizonsa kuma har ta cikin riga. Dole a rufe gilashi, kuma motar da esinta ba ya aiki a zafin digiri 40 ba motar iyali ba ce a nan komai ƙarfin ƙafarta. Da muka dawo masauki kowa ya leƙa ƙarƙashin motarsa ya zare busasshiyar ciyawar da ta maƙale jikin salansa, don ita ke kama wuta, ya kuma share ƙaiƙayin ciyawa daga fuskar lagireto kafin ya toshe iska inji ya yi zafi.

Daga Yankari muka koma Dindima, muka bi ta Alƙaleri zuwa Gombe da rana tsaka. A 'yan shekarun nan an sha fama da 'yan bindiga a wasu ƙauyukan yankin Alƙaleri, saboda haka ba ma tafiyar dare, ba ma bin yanke sai mun tambayi mutanen gari.

A Gombe muka tsaya wurin wani dattijon makanike a hura mana filtar iska, hira ta gangaro kan sayen jif 'yar Kwatano. Ya ce, "Ɗana, kafin ka tambayi kuɗinta, durƙusa ka leƙa cikinta." Gaskiyarsa. Da yawa daga cikin Highlander da RAV4 da ke shigowa daga Amurka da gaba kawai suke ja. In babu dogon shaf da ya bi tsakiyar ciki zuwa ƙafar baya, to tsayi kawai ka saya. 4Runner ma akwai mai ja da baya zalla, ana gane ta da rashin shaf a tayoyin gaba. A nan ƙasan ne kuma ake ganin tsatsa: motar da ta zauna a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shasinta kan ruɓe daga ciki, a ƙwanƙwasa da guduma a ji. Baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Injin 3.3 na tsofaffin Sienna da Highlander, da 4.7 na Lexus GX470, bel ke juya tayimin ɗinsu, ana canza shi wajen kilomita 145,000; injin 3.5 da 4.0 da 2.7 sarƙa ce. GX470 kuma balan-balan na iska ke riƙe bayanta, idan sun tsufa sai a wayi gari ta zauna, shi ya sa da yawa ke mayar da su sifirin. Pathfinder mai giyar otomatik ta 2005 zuwa 2010 an san ta da fashewar bututu a cikin lagireto, ruwa ya gauraya da man giya. A zaro man a duba, in ya yi kalar madara a bar ta. Sai taya: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta shekarunta ne, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida ba ta daji ba ce ko da zanenta bai goge ba.

Washegari muka yi kudu ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, inda wani abokin tafiya ɗan yankin ya same mu da Hilux mai ƙofa huɗu. Ita ce ta fi kowa ɗaukar kaya, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Amma matan da suka gwada kujerar bayanta sun sauko suna dafe da ƙugu: kujerar a miƙe take, sifirin ɗin baya na lodi ne, in ba nauyi a kai tsalle take yi a gargada. Kayan da ke bayanta kuma sai da tamfol, in ba haka ba ƙura ta shiga har cikin garin tuwo.

Hanyar Tula hawa ce mai kwana-kwana a jikin duwatsu. Bayan mun gaida mai unguwa ya haɗa mu da yaro ya nuna mana fili, sai muka bar babbar hanya muka bi ta gonaki. Sienna ta tsaya a ƙofar gidansa. Gaba kaɗan akwai busasshen rafi, yashi mai laushi kamar taku talatin, da gangare mai duwatsu a ɗaya gefen. Nan muka sauke iskar taya daga 33 zuwa 20. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa, sai ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Wannan na yiwuwa ne don Highlander ɗin na kan rim 17, taya 245/65 mai kaurin gefe. Masu rim 19 gefensu siriri ne, dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi. Direbanta ya kashe na'urar hana sulɓi, don ita ke rage wa inji ƙarfi da zarar taya ta fara juyawa a banza, ya sa giya ta biyu, ya shiga da gudu daidai ba tare da ɗaga ƙafa ko murɗa sitiyari da ƙarfi ba. Ta haye yashin. A gangaren ne ta gaza: taya ɗaya ta ɗaga sama, sauran suka yi ta kartar dutse, warin man giya ya fara tashi. Ba ta da ogzilari, wato ƙaramar giyar ƙara ƙarfin ja. Prado ta sa ƙaramar giya, wadda ke ninka ƙarfin ja fiye da sau biyu da rabi, ta hau tana tafiyar hawainiya ba tare da an taka mai sosai ba, sannan ta jawo Highlander da igiyar ja. Igiyar a ƙugiyar da ke jikin shasi ake ɗaura ta, ba a bamba ba, kuma kowa ya ja da baya fiye da tsawon igiyar. Hilux ta sa L4, tata ƙaramar giyar, ta bi. Ita dai a tuna a mayar da ita H2 kafin kwalta, don ja da ƙafa huɗu a busasshen titi na ɗaure mata shaf.

Yankin Kaltungo ƙasar kububuwa ce, macijin da ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, har asibitin garin ya yi suna wajen maganin sarar maciji. Saboda haka tanti mai ɗinkakken ƙasa da zif muka kafa a fili mai sharari, nesa da tarin duwatsu, kowa da takalmi rufaffe da tocila bayan magariba. Motoci muka juya hancinsu na kallon hanyar fita. Ƙananan yara a cikin Highlander suka kwana, an kwantar da kujeru, an ɗan sauke gilashi an rufe da gidan sauro, inji a kashe. Barin inji na aiki don esi a kwana a ciki ya sha kashe mutane da hayaƙin salansa. A nan aka yi kewar Sienna, wadda in aka nutsar da layi na uku aka cire na biyu, shimfiɗa ce mai tsawon kusan mita biyu da rabi.

A ganina, iyalin da fitarsu ta rani ce, Yankari ko Dadin Kowa ko ƙauye ta hanyar burji, Highlander mai ja da ƙafa huɗu a kan rim 17 da tayoyi masu kauri ta ishe su, tare da shebur, igiyar ja da famfon iska mai aiki da batirin mota. Ta fi sauƙin mai da sauƙin tuƙi a cikin gari, inda motar za ta yi kusan duk rayuwarta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ke shiga gona da damina, a baƙar lakar kudancin Gombe da ke cika zanen taya ta mayar da ita sumul, ko yake hawa irin gangaren nan, ogzilari dole ne: Prado, 4Runner ko Fortuner. Mai yara shida kuwa ya riƙe Sienna ɗinsa, ya hau motar gandun daji in ya isa Wikki.

Saukowa daga Tula ta fi hawa haɗari. Mota mai kaya idan aka riƙe ta da birki tun daga sama, man birki na tafasa, feda ta nutse har ƙasa. Sabon mai samfurin DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya tsufa ya sha danshi kuwa wajen 140, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Muka sauko a giya ta biyu, a wurare masu tsanani ta ɗaya, inji na riƙe motar, birki kuma a taka da ƙarfi a saki. A gindin dutsen muka tsaya muka kusantar da tafin hannu ga kowane rim; na gaban Sienna ne suka fi zafi, sai muka ba ta minti goma sha biyar. Famfonmu ya mayar da tayoyin zuwa 28 tun a bakin babbar hanya, a Kaltungo kuma mai faci ya cika su zuwa 33, ya zaro ƙayar aduwa guda biyu daga tayar bayan Highlander, ɗaya ta riga ta huda.