Kafin mu ce "Ubangiji ya ce", mu duba wace fassara ce a wayar

Tunda waya ta zama Littafi Mai Tsarkin yawancin matasanmu a nan Legas, wani abu ya fara damuna kuma na ga gara in faɗe shi. A binciken Littafi na sashen Hausa a cocinmu da ke Agege, za a ce a buɗe aya ɗaya, Baba dattijo ya karanta daga nasa na Hausa mai baƙin bango wanda duk gefen ya cinye, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce "Baba bari in karanta nawa", ya karanto da Turanci wata magana mai daɗi doguwa wadda ta ninka ta Baba tsawo, kowa ya ce amin, babu wanda ya tambaya ƙarin nan daga ina ya fito. Toh ni ƙarin nan ne maganata.

Ba duka abin da ke cikin manhajar Littafi Mai Tsarki ta waya ba ne fassara iri ɗaya. Akwai wadda ke bin kalmomin Ibrananci da Helenanci sau da ƙafa, irin King James ta 1611. Akwai mai bin ma'ana jimla jimla, irin Good News ta 1976. Sannan akwai ta uku, wadda mutum ɗaya ya karanta ya fahimta ya sake faɗa da bakinsa yadda ya ga zai shiga kunne, kuma ita ce matasa suka fi so don ta fi zaƙi.

Ni fa ban ƙi su ba, a fahimce ni. Kenneth Taylor da ya yi The Living Bible, wadda ta fito cikakkiya a 1971, saboda 'ya'yansa ya fara, yana musu karatu a gida ba sa ganewa sai ya riƙa sauƙaƙa musu. Wane uba ne zai zarge shi? Amma ba daga harsunan asali ya yi aikin ba, daga wata fassarar Turanci ta 1901 ya ɗauko, wato bayani ne a kan fassara. Shi ya sa daga baya kamfanin da ya kafa ya tara malamai masu yawa suka koma asalin, aka fitar da New Living Translation a 1996. Eugene Peterson kuma, mai The Message, fasto ne a Amurka kuma ya san Helenanci da Ibrananci sosai, da wasiƙar Galatiyawa ya fara don ya ga mutanen ikkilisiyarsa suna jin ta kamar ba ta shafe su ba. Sabon Alkawari ya fito a 1993, duka Littafin a 2002. Abin da ya burge ni da shi, da kansa ya faɗa cewa hankalinsa ba ya kwanciya in ya ji an ɗauki aikinsa ana karantawa a matsayin karatun Nassi a cikin sujada. Mai abu ya san iyakar abinsa, mu ne muke wuce da shi gona da iri.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce The Passion Translation ta Brian Simmons, don ita sunanta ma fassara take kiran kanta, alhali masana da suka gwada ta da asalin sun nuna an cusa kalmomi da yawa da babu su a can. A 2022 Bible Gateway, shafin intanet na karanta fassarorin Littafi Mai Tsarki, ya cire ta daga jerinsa. Amma har yanzu kana buɗe WhatsApp da safe za ka ga ayoyinta a kan hoton fure ana ta turawa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya rikita mu ba sam. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin tafsirin maƙwabtanmu Musulmi da azumi, ko a Agege ko a Idi-Araba, ya ga yadda ake yi: mai jan baki daban, malam mai bayani daban, kuma ko yaro ya san inda karatu ya tsaya bayani ya fara. Haka ma aka yi a Nehemiya 8, Ezra ya buɗe littafin Shari'a a gaban jama'a, Lawiyawa suna bayyana ma'ana don mutane su gane. Bayani abu ne mai kyau, wajibi ma ne. Matsalar irin waɗannan littattafan ita ce sun haɗe karatun da bayanin wuri guda, mai karatu ba shi da hanyar sanin wanne ne na Bulus wanne ne na fasto ɗan Amurka. Kuma in aya tana iya ɗaukar ma'ana biyu, ya riga ya zaɓa maka ɗaya ya rufe ɗayar ba tare da ka sani ba.

Sai dai gaskiya ko da fassara mafi kyau a hannunka, in ka ciro aya ɗaya ka gudu da ita za ka ɓata. Ku duba Filibiyawa 4:13 da ake mannawa a bayan motocin haya na danfo da ƙofar shago daga Oshodi har Mile 12, wai zan iya yin komai ta wurin Almasihu. Mutane sun mai da ita ayar cin jarrabawa da samun biza. Koma baya aya biyu kawai. Bulus yana tsare ne lokacin da ya rubuta, yana cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ayar ta ɗan'uwanmu mai tura baro a kasuwa ce ranar da bai samu ko na abinci ba, tana ce masa Almasihu zai riƙe shi a hakan ma. Wannan ya fi abin da ke jikin danfo nauyi nesa ba kusa ba. Haka Irmiya 29:11, alkawarin shiri na alheri, wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe bauta Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai shekara 70 ta cika. Da yawa cikin waɗanda suka ji ta a can suka mutu.

Lambobin ayoyin nan ma ba marubutan ne suka sa ba, a 1551 wani mai buga littattafai Robert Estienne ya sa wa Sabon Alkawari su don sauƙin nema. Littafi irin Filibiyawa wasiƙa ce aka rubuta a karanta daga farko zuwa ƙarshe, don haka ka tambaya wa ya rubuta, ga wa, me ke faruwa da su, kuma waƙa ce ko tarihi ko karin magana. In wuri ya yi duhu a haska shi da wani wurin da ya fito fili.

Abin da nake roƙon shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi shine su fara da ta Hausa. Muna da ita cikakkiya tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya sha wahala a kai, ga wadda aka sabunta daga baya, ga Sabon Rai Don Kowa a waya kyauta, kuma hedikwatar Bible Society of Nigeria tana nan Legas ga mai son ta takarda. A karanta surar gaba ɗaya, a gwada da wata ta Turanci mai bin asali, sannan wanda yake so ya karanto The Message, amma ya faɗa da bakinsa cewa wannan yadda Peterson ya fahimta ne. In ka ga jimla a can wadda babu alamarta a sauran, kar ka hau bagadi da ita ranar Lahadi.