Yanke Gaban Tsohuwar Mini Domin a Samu Isa ga Inji

Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin bonet ɗin motar Mini, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a shekarar 1959, ya san cewa Alec Issigonis, injiniyan da ya zana ta, bai bar wa bakanike sararin motsi ba, domin ya girke injin a gicciye, ya maƙala lagireto a gefe, har canjin kulochi ya zama aikin haƙuri.

Saboda haka ne wasu masu ita suke yanke gaban motar, su haɗe bonet da madugadi su zama abu guda, na ƙarfe ko na faiba, wanda ake kifawa gaba baki ɗaya. Dabarar ba baƙuwa ba ce, tunda da irin wannan bonet Triumph Herald da Jaguar E-Type suka fito daga masana'anta.

Sai dai a ganina Mini daban take. Jikinta shi ne ƙashin bayanta, kuma ƙarfen da ake yankewa yana cikin abin da ke riƙe da mazaunin injin, don haka wajibi ne a ɗaura sandunan ƙarfe su maye gurbinsa. Motar da har yanzu tsatsa ba ta ci ba kuwa, ni dai ba zan bari injin yanka ya kusance ta ba.