Ɗan kuɗin da zai sa ɗalibin likita da na nas su zauna aji ɗaya

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san yadda abin yake, likita ya zo da safe ya rubuta magani ya wuce, nas ta zo ta ce ita ba a gaya mata ba, ka je famasi a ce wannan da wancan ba a haɗa su, a lab kuma a ce jinin da aka kawo ba a wannan kwalbar ake zuba shi ba sai an sake ɗiba. Kuma fa kowa ya iya aikinsa. Matsalar tun daga makaranta take, ɗalibin likita da na nas da na famasi da na fisiyo (masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi) a BUK za su yi shekaru suna haɗuwa a bakin get ɗin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, suna cin abinci wajen mai abinci ɗaya, amma da wuya ka ga sun zauna tare a kan mara lafiya guda sun tattauna. Ranar da aka ba su aiki kuma sai a ce ku haɗa kai. Ta yaya?

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari a kan wannan, cewa ɗaliban fannoni biyu ko fiye su riƙa koyo tare, kowa ya san aikin ɗan'uwansa ya kuma ƙaru da shi. Mu nan ai mun fi kowa buƙata, ga rigimar ƙungiyar likitoci ta NMA da JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har gwamnatin Jonathan sai da ta kafa kwamitin Yayale Ahmed a kai, amma a 2018 JOHESU suka shafe makonni suna yajin aiki, talaka ya sha wuya. Ni a ganina manyan nan sun riga sun bushe, yaran da ke aji su ne za a iya lanƙwasawa.

Abin da nake so jami'o'inmu su gane, wannan aikin ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na da ƙaramin tallafin bincike da take ba malamai ta hannun makarantunsu, wanda a baya ya yi shekara da shekaru naira miliyan 2 ce iyakarsa, to ko rabin haka jami'a ta ware daga aljihunta ya isa a fara. Sharaɗi ɗaya kawai za a saka: ba a ba wa dipatmen ɗaya, dole takardar neman ta zo da sa hannun lakcarori daga fanni biyu ko uku. Wallahi za ka ga mutanen da ba sa ga maciji da juna suna neman lambar wayar juna.

Misali a ɗauki mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, abin da ke cike da asibitocinmu. A zaunar da yara takwas a tebur ɗaya da fayil ɗinsa. Ɗalibin likita zai fara zuba bayani, sai ɗalibar nas ta tambaye shi wa zai wanke gyambon kullum idan an sallami Baba ya koma Kurna, kuma a gidan akwai firij ɗin ajiye insulin ko babu, wuta ma akwai? Ɗan famasi ya ce maganin da ka zaɓa kuɗinsa ya fi ƙarfin mutumin, ga wani mai sauƙi. Ɗan lab ya bayyana dalilin da ya sa ake cewa a zo gwaji ba a karya ba, na fisiyo ya yi maganar takalmi da yadda zai riƙa taka ƙafar. A awa biyu yaron da ke jin shi ne gaba da kowa zai gane akwai abin da bai sani ba, ita ma wadda ta saba yin shiru ta gane maganarta na da nauyi. Kuɗin me aka kashe? Kuɗin mota zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwa, fotokwafi, ruwan leda, da ɗan abin da za a ba wanda ya yarda ya yi wasan mara lafiya.

Tsorona ɗaya, kada kuɗin ya ƙare a irin taron nan namu, ƙyallen sanarwa da jakar taro da babban baƙo na musamman, a yi hoto a watse. Shi ya sa zan so a riƙe kashi na biyu na kuɗin sai an nuna rajistar ɗaliban da suka zauna da sau nawa suka zauna.

Sai maganar tayimtebul, wadda ta fi kuɗin wuya, don kowace fakalti da nata kalandar, waɗannan suna fostin, wato koyon aiki a asibiti, waɗancan suna jarrabawa. Nan kam sai shugabannin fakalti sun zauna sun ware ko da yammacin Laraba ɗaya a wata, sannan a sa wa zaman maki, ko biyar ne cikin ɗari, tunda ɗalibinmu idan ya ji babu maki ba zai taka ƙafarsa ba.