Ƙurɗuba, Garnaɗa da Malaga: A Sawun Mawaƙan Ibraniyanci

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Atocha a Madrid ba ya cika awa biyu yake sauke mutum a Ƙurɗuba. Ɗan yayata da ke karatu a Garnaɗa shi ya tarbe ni a tasha, ya karɓi jakata yana cewa, "Kawu, sai masallaci ko?" Na ce masa babban masallacin Ƙurɗuba na nan ba ya gudu, mu fara da unguwar Yahudawa. Ya dube ni da mamaki, amma bai musa ba.

Aruli ne ya kai ni. Na daɗe ina koyar da karin waƙa, ina nuna wa ɗalibai yadda malamanmu na ƙarni na 19 suka ɗora Hausa a kan ma'aunan waƙar Larabci irin su kamil da basiɗ da rajaz. Ashe tun ƙarni na 10 mawaƙan Yahudawa sun riga mu yin wannan aiki da nasu harshen, wato Ibraniyanci, kuma a wannan gari suka yi shi.

Lungunan unguwar ƙanana ne, wani idan ka miƙe hannu biyu sai ka taɓa bangon dama da na hagu. A wani ɗan fili akwai mutum-mutumin Musa ɗan Maimun, shahararren malamin Yahudawa kuma masanin falsafa, zaune da littafi a cinya, takalminsa ya yi ƙyalli saboda shafar masu yawon buɗe ido. Gaba kaɗan sai majami'ar da aka gina a 1315. Ɗaki guda ne, bai fi zauren wani mai unguwa ba. Bangon cike yake da zanen farar ƙasa irin na masallatan Andalus, sai ka matsa kusa za ka ga rubutun da ya kewaye shi ba Larabci ba ne, ayoyin Zabura ne da baƙaƙen Ibraniyanci. Bayan an kori Yahudawa a 1492 ginin ya zama asibiti, daga baya ya koma hannun ƙungiyar masu ɗinkin takalma, sai a 1884 aka gano rubutun a ƙarƙashin yaɓe.

A inuwar wannan bango na ba yaron labarin Dunash ɗan Labrat. A Fas aka haife shi, ya yi karatu a Bagadaza wurin babban malamin Yahudawa Sa'adiya Gaon, sannan ya zo Ƙurɗuba zamanin Halifa Abdurrahman na Uku, ya shiga inuwar Hasdai ɗan Shaprut, likitan fada kuma jakadan halifa. Kafin Dunash waƙar Ibraniyanci ta ɗakin ibada ce, ba ta san ma'aunin gaɓa ba. Shi ya kawo mata ma'aunin Larabawa. Mu Hausawa abin ya zo mana da sauƙi, domin harshenmu yana da gajeriyar gaɓa da doguwa tun asali. Dunash kuwa sai da ya yi dabara: ya ɗauki wani guntun wasali da suke kira shewa ya tsayar da shi a matsayin gajere, sauran wasula duka ya lissafa su dogaye. Almajiran Menahem ɗan Saruk, magatakardan Hasdai, suka yi masa ca, suka ce ya karya harshe mai tsarki don ya shiga rigar aro. Hayaniyar ta yi zafi, amma Dunash ne ya ci. Har yau ana rera wata waƙarsa ranar Asabar a gidajen Yahudawa.

Abin da ya fi kama ni ma ba nasa ba ne. Cikin takardun da aka kwaso daga ma'ajiyar wata tsohuwar majami'a a Alƙahira an tsinci wasu 'yan baitoci da ake jingina wa matarsa. Miji zai yi tafiya, ita tana tsaye da ɗansu a hannu, ya zare zobensa ya sa mata, ita ta cire abin hannunta ta sa masa, tana tambaya ko zai tuna da ita. Babu fahariya, babu kwalliyar magana. A ganina ta fi ƙasidun yabon da mijin ya jera wa Hasdai.

Da rana muka ci salmorejo, miyar tumatir mai sanyi da kauri. Sai ka ce musu kada su barbaɗa naman alade a kai, domin haka suke kawo ta. Masallacin mun shige shi da la'asar, kuma wannan labari ne na daban.

Garnaɗa gari ne na hawa da gangara, gwiwata ta shaida. Unguwar Realejo ita ce tsohon mazaunin Yahudawa, amma ban da mutum-mutumin tafinta Yahuda ɗan Tibbon a bakinta, kusan babu abin da ya rage. A nan Sama'ila ɗan Nagrila ya yi zamani, wanda mutanensa ke kira Shamu'el Hanagid. An haife shi a Ƙurɗuba a 993, ya gudu lokacin da aka wargaza garin a 1013, ya zo ya zama wazirin sarakunan Banu Ziri, Habbus da ɗansa Badis. Bayahude ne yana fita yaƙi da rundunar Musulmi, daga sansani yana aiko wa ɗansa Yusuf waƙoƙi ya kwafe. Ya yi waƙar gumurzun 1038 da Zuhair, sarkin Almeriya, ya yi ta giya, ya yi ta tsufa, ya yi jerin marsiyya da yayansa Ishaƙu ya rasu. Shi Sama'ila ya mutu a 1056.

Ɗan yayata ya ce, "To Kawu, ashe zaman lafiya aka yi sosai." Na ce masa kada ya yi gaggawa. Yusuf ya gaji kujerar ubansa bai gaji tattalinsa ba, Abu Ishaƙ na Ilbira ya yi ƙasidar zuga jama'a, a Disambar 1066 aka kashe Yusuf tare da ɗimbin Yahudawan garin. Da irin arulin da suka aro aka wasa wuƙar. Masu sayar da katin hoto ba sa faɗin wannan.

Duk da haka waƙa ba ta mutu a garin ba. Mawaƙi Musa ɗan Ezra ɗan Garnaɗa ne, kuma shi ya jawo wani saurayi daga arewa mai suna Yahuda Halevi, wanda daga baya ya ce zuciyarsa tana gabas shi kuwa yana ƙarshen yamma. Bai tsaya a faɗa ba. Da tsufansa ya hau jirgin ruwa, ya sauka Iskandariya a 1140, ya rasu a 1141. Wani abin lura, su biyun duka waƙa suke yi da Ibraniyanci, amma littafin ilimi da Larabci suke rubuta shi, cikin baƙaƙen Ibraniyanci. Ajaminsu ke nan.

Malaga mota muka shiga, hanya tana ratsa gonakin zaitun har ta gangara teku. A gindin ganuwar Alcazaba, kusa da tsohon dandalin Rumawa, akwai mutum-mutumin Sulaimanu ɗan Gabirol, siriri, kansa a sunkuye. Yara na wasa a kusa, masu shan kofi sun ba shi baya. A nan aka haife shi wajen 1021, ya tashi maraya a Saragosa, ga ciwon fata, ga zafin kai, yana ɗan shekara 16 yake kiran kansa sarkin waƙa. Doguwar waƙarsa ta tasbihi, wadda ke bin sammai ɗaya bayan ɗaya kafin ta dawo kan tuba, ana karanta ta a daren babban azuminsu. Littafinsa na falsafa kuwa an juya shi zuwa Latin, aka sa sunan marubucin Avicebron, malaman coci suka yi ɗaruruwan shekaru suna muhawara a kansa, wasu na zaton marubucin Kirista ne, wasu Musulmi. Sai a 1846 Salomon Munk ya tabbatar cewa shi da mawaƙin mutum ɗaya ne.

Ɗan yayata ya ce in tsaya kusa da shi ya ɗauke mu hoto. Daga nan muka nufi bakin ruwa neman gasasshen kifi, domin motar Garnaɗa ta yamma ba ta jiran kowa.